JAMI'A DA IYAYE: HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Abin da nake so in yi bayani a kai a wannan fili shi ne dangantakar da ke tsakanin jami'a da iyayen yara, da yadda ofisoshi da sassa dabam-dabam na cikin jami'a suke haɗa kai don kada a bar uba da uwa cikin duhu. Na zaɓi wannan magana ne domin mu 'yan manyan azuzuwa saura ƙiris mu fuskanci jarrabawar fita. Da yawa daga cikinmu kuma, musamman 'yan bakin iyaka irin su Magama da Jibiya, mu ne za mu zama na farko a gidajenmu da za su taka ƙofar jami'a, in Allah ya yarda.

Bambancin makarantar kwana da jami'a

A nan makarantar kwana, iyaye ba su da wahalar sanin halin da ɗansu yake ciki. Akwai ranar ziyara, akwai taron iyaye da malamai, kuma ƙarshen kowane zango yaro yana komawa gida da takardar sakamako a hannunsa. Ba mai fita sai da takardar izini. Idan yaro ya yi rashin lafiya ko ya yi laifi, ƙofa ɗaya uba ya sani, watau ofishin shugaban makaranta, kuma da ya shiga nan ya gama jin kome.

Jami'a kuwa ba haka take ba. Ba a kaɗa ƙararrawar tashi, ba a kiran suna a ɗakin kwana, ba a aika wa uba da sakamako. Ɗalibai dubbai ne, malami ba ya iya sanin kowa. To, ga uba ya sayar da wakensa ko ragonsa, uwa ta kwashi adashinta, sun haɗa sun biya kuɗin makaranta, alhali ba su taɓa ganin wurin da dukiyarsu ta tafi ba. Wannan rashin sani shi ne yake sa wani uban ya ce ɗiyarsa ba za ta je ba sam. Shi ne kuma yake sa wani yaron, bayan an sallame shi saboda faɗuwa jarrabawa, ya ci gaba da zama a gari yana karɓar kuɗin abinci daga gida har shekara ta zagayo, don kunyar faɗin gaskiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Jami'a gari ce mai unguwanni

Kafin mu gane yadda sassan jami'a ke haɗa kai, sai mun san su tukuna. A sama akwai Shugaban Jami'a. A ƙarƙashinsa akwai Magatakarda, wanda ofishinsa ke riƙe da fayil ɗin kowane ɗalibi, tun daga takardar ɗauka har zuwa takardar shaidar gamawa. Akwai Ma'aji, mai kula da shiga da fitar kuɗi. Akwai ofishin kula da harkokin ɗalibai, wanda ke raba ɗakunan kwana, yana sa ido a kan ƙungiyoyi da tarbiyya. Akwai asibitin jami'a, da ma'aikatan tsaro, da laburare, da ofishin ba da shawara, inda ɗalibin da abu ya dame shi zai je a saurare shi cikin sirri. Akwai masallaci da coci. Sa'an nan ga tsangayoyi, kamar ta aikin likita, da ta shari'a, da ta aikin gona, da ta ilmi, kowace da sassanta. A cikin kowane sashe akan ba wani malami aikin kula da 'yan shekara ɗaya, shi ne mai sa hannu a takardar darussan da ɗalibi zai ɗauka, shi ne kuma ya fi kowa sanin ƙoƙarinsa.

Abin lura a nan shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ofisoshi gefe ɗaya kawai na yaron ya sani. Ma'aji ya san bai biya kuɗi ba, amma bai san damina ce ba ta yi kyau a garinsu ba. Likita ya san ya kwanta mako biyu, amma bai san a makon ne aka yi gwaji a aji ba. Malamin sashe ya ga makinsa ya faɗi, amma bai san bai sami ɗakin kwana ba, daga nesa yake takowa kullum. Idan kowa ya riƙe nasa sani bai gaya wa ɗan'uwansa ba, sai yaro ya sulale a tsakaninsu, ba wanda ya ankara. Uba kuwa, in ya zo neman labari, sai a yi ta turawa da shi daga wannan ofis zuwa wancan har rana ta faɗi, motar gida ta tashi ta bar shi.

Wuraren da sassan suke haɗuwa

Wuri na farko shi ne lokacin ɗaukar ɗalibai. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar shiga, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. Bayan hukumar da jami'a sun amince da ɗalibi, sai ya bi layi: ofishin Magatakarda ya duba takardunsa, har da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukumarsu, sashensa ya tantance shi, ya biya kuɗi ta banki, asibiti ya auna lafiyarsa, ofishin ɗalibai ya ba shi gado in ya samu. A cikin takardun da yake cikewa akwai gurbin sunan wanda ke ɗaukar nauyinsa da wanda za a nema in wani abu ya faru. Wannan ɗan gurbi shi ne igiyar da ta ɗaure jami'a da gida. Wasu ɗaliban sukan rubuta lambar abokinsu a wurin don kada labari ya kai gida. Ranar da suka kwanta ciwo sai a kira a rasa mai zuwa.

Wuri na biyu shi ne makon wayar da kan sababbin ɗalibai da bikin rantsar da su. A nan ne shugabannin ofisoshi suke taruwa a ɗaki ɗaya, kowa ya tashi ya faɗi aikinsa da dokokinsa. Ranar rantsarwa iyaye da dangi sukan zo, a ci shinkafa, a ɗauki hoto. Wannan ita ce babbar damar da jami'a take da ita ta yin magana da iyaye baki da baki, domin da wuya su sake taruwa haka sai ranar yaye ɗalibai, bayan shekara 4 ko fiye.

Wuri na uku shi ne maganar kuɗi. A watan Afrilu na 2024 aka sa hannu a sabuwar dokar ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance, ta hannun asusun NELFUND. Rancen ba shi da ruwa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, na abinci kuma a tura wa ɗalibi wata-wata, sa'an nan ba a fara biya sai shekara 2 bayan gama hidimar ƙasa. Amma ɗalibi ba zai samu ba sai jami'arsa ta aika da sunansa da bayanansa daidai, abin da ke buƙatar Magatakarda da Ma'aji da masu aikin kwamfuta su yi aiki tare. Haka kuma tallafin karatu na Gwamnatin Jihar Katsina, sai an tabbatar da cewa mutum ɗalibi ne na gaske. Uban da aka yi wa bayanin waɗannan hanyoyi ba zai yi gaggawar sayar da gonarsa ba, kuma ba zai faɗa hannun macutan da ke cewa a ba su kuɗi su samo wa yaro gurbi ba.

Wuri na huɗu shi ne ranar matsala. Idan ɗalibi ya yi rashin lafiya lokacin jarrabawa, sai asibitin jami'a ya ba da takarda, sashensa ya kai maganar gaban tsangaya, daga nan ta wuce majalisar malamai ta jami'a, wadda ke da ikon yi masa uzuri. Idan makinsa ya gaza ƙa'ida, akan ba shi gargaɗi da damar gyarawa kafin a sallame shi. Tsakanin gargaɗi da sallama nan ne ya fi kamata gida ya sani, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yadda ake yi a wasu wurare

A ƙasar Amurka jami'o'i da yawa sun buɗe ofis na musamman don iyaye da iyalai. Aikin wannan ofis shi ne ya zama ƙofa ɗaya. Yana tattaro labari daga wajen masu ɗakunan kwana, da masu kuɗi, da asibiti, da masu tsaro, ya haɗa wuri ɗaya ya aika wa iyaye. Idan uba yana da tambaya, can zai buga waya, su kuma su nemo masa wanda ya dace. Sukan kuma ware wasu kwanaki a shekara da iyaye ke zuwa su zaga makaranta, su gaisa da malamai. A nan gida ma, wasu jami'o'in kudu, kamar Jami'ar Babcock ta Jihar Ogun, suna da zauren iyaye da ke zama da hukumar makaranta.

Amma ba sai mun je nesa ba kafin mu ga amfanin haɗin kan sassa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe ranar 4 ga Oktoba 1962, ta daɗe da sanin hanyar ƙauye. A Samaru akwai cibiyar binciken aikin gona, wadda ta samo asali tun zamanin Turawa. Ita ke fitar da sababbin irin dawa da masara da gyaɗa da auduga da wake. Sai dai mai bincike shi kaɗai ba zai iya kai iri ga manomi ba. Don haka akwai wata cibiyar a gefenta, ta yaɗa dabarun noma, wadda aka ba aikin ƙasa baki ɗaya a 1987. Aikinta shi ne ta karɓi abin da masu bincike suka gano, ta juya shi zuwa harshen da manomi ke ji, ta buga a ƙananan takardu, ta watsa a rediyo, ta koyar da malaman gona, sa'an nan ta komo wa masu bincike da koken manoma. Har wa yau, a ƙarshen shekarun 1970, malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na wannan jami'a sun riƙa fita ƙauyuka, har da Maska ta ƙasar Funtuwa. Sukan zauna da mutane su ji matsalolinsu, su shirya wasa da Hausa a kansu, a yi a dandali, a tattauna bayan an gama.

Ga kuma wani misali daga tsallaken iyakarmu. Buhun nan mai riɓi uku da ake zuba wake a ciki ba tare da magani ba, leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, aikin haɗin gwiwa ne tsakanin Jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken noma na Afirka, cikinsu har da na Maraɗi. Tun daga 2007 aka shiga yaɗa shi. Idan aka ɗaure shi sosai, iska ba ta shiga, sai ƙwarin su mutu. Abin sha'awa shi ne yadda aka sa mutane suka yarda. Ba wasiƙa aka rubuta musu ba. Ƙauye aka je, aka ɗaure wake a gaban jama'a, bayan watanni aka komo aka kwance a gabansu, kowa ya sa hannu ya damƙa ya gani. Gani ya kori ji.

To, manomin nan da ake bi har gonarsa don a nuna masa sabon iri, shi ne fa uban ɗalibi. Idan jami'a ta iya haɗa mai bincike da malamin gona da mai shirin rediyo don wake da dawa, lalle za ta iya haɗa Magatakarda da Ma'aji da likita don ɗan mai waken.

Abin da ya keɓanta da mu 'yan bakin iyaka

Yanzu jami'a ta matso kusa da mu. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, wadda aka kafa a 2006, aka ba ta wannan suna a 2009. Akwai Jami'ar Al-Qalam, ita ma a Katsina, tun 2005. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma tun 2011. A can Maraɗi kuma akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, inda ake karatu da Faransanci. Mutumin Magama zai iya zuwa Katsina da safe ya komo kafin magariba. Duk da haka akwai abubuwa uku da ke tsaya mana a gaba.

Na farko harshe. Takardun jami'a da Turanci suke, ko da Faransanci a tsallake, alhali yawancin iyayenmu Hausa suke ji, wasu kuma ajami suke karantawa. Idan yaro shi ne mai karanta wa ubansa takardar da ke ɗauke da laifinsa, kowa ya san yadda fassarar za ta kasance. Ga shi kuwa jami'o'inmu suna da sassan koyar da Hausa cike da masana. Da za a haɗa su da ofishin Magatakarda, da an sami ɗan littafi da Hausa mai bayyana kuɗin makaranta, da ranakun hutu, da ma'anar maki, da lambar da za a kira.

Na biyu hanyar isar da saƙo. Waya tana da amfani, amma mu mun ga iyakarta. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Jibiya, aka yi watanni a haka. Iyakar kanta an rufe ta a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata gefen. Mu kuwa gidaje da yawa rabi a nan suke rabi a Ɗan Isa ko Maraɗi, wani ma kawunsa na can ne ke biya masa kuɗin makaranta. Saboda haka jami'ar da ke son saƙonta ya iso sai ta haɗa hanyoyi: waya, da rediyo, da masu unguwanni da limamai, da ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma waɗanda ke komowa gida kowane hutu. Da ɗan gari akan ci gari.

Na uku tsoro. Tun da aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandare ta kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, ko da yake an sako su cikin mako guda, hankalin iyaye bai kwanta da kwanan yaro a wani wuri ba, balle ɗiya mace. Wannan tsoro ba a kawar da shi da lacca. Ana kawar da shi ne idan uwa ta zo ta ga ɗakin kwanan 'yan mata da idonta, ta ga katanga da mai gadi, ta gaisa da matar da ke kula da su, ta karɓi lambarta. Shirya irin wannan ziyara kuwa sai ofishin ɗalibai da masu tsaro da asibiti sun yarda su fito rana ɗaya su tarbi baƙi.

Inda ya kamata a tsaya

Kada a ɗauka ina cewa a mai da jami'a makarantar firamare. Ɗan jami'a baligi ne, kuma wani sashe na karatunsa shi ne koyon tsayawa da ƙafarsa. A Amurka ma akwai wata doka tun 1974 da ta ce da zarar yaro ya shiga jami'a, ikon takardun sakamakonsa ya koma hannunsa, ba a nuna wa kowa sai da yardarsa, in ban da wasu dalilai da dokar ta keɓe. Abin da ɗalibi ya gaya wa likita ko mai ba da shawara amana ce. Haka kuma bai dace uba ya je ya roƙi malami ƙarin maki ba, ko ya tilasta wa yaro karatun likita alhali zuciyarsa tana ga aikin gona. Abin da ake nema shi ne tsaka-tsaki: iyaye su san dokoki da kuɗi da ranaku, a neme su in rai ko lafiya ko makomar karatu na cikin haɗari, sauran kuwa a bar wa yaro ya faɗa da bakinsa.

Kira

Ga hukumomin jami'o'inmu, ina roƙo da ladabi a buɗe wa iyaye ƙofa ɗaya, a sa mai jin Hausa a bakinta, kuma ranar rantsar da ɗalibai a ware ko da sa'a guda ce a zauna da su. Ga iyayenmu, Allah ya saka da alheri, ina roƙo kada a ji nauyin shiga jami'a don ba a yi boko ba. Da kuɗin jama'a aka gina ta, ku ma kuna da rabo a ciki. A je ko sau ɗaya ne a shekara, a san sunan sashen da yaro yake da malamin da ke kula da ajinsu, a nemi ganin rasit da sakamako. Matambayi ba ya ɓata, zumunta kuma a ƙafa take.

Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, mu ne gada tsakanin gida da makaranta. Ranar da za mu cika takarda, mu rubuta lambar gaskiya. Ranar da muka ci jarrabawa mu faɗa, ranar da muka faɗi ma mu faɗa tun da sauran gyara. Ƙannenmu mata da maza suna bayanmu, kuma abin da iyaye suka gani a kanmu shi zai sa a bar su su tafi ko a hana su.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa iyayenmu su ci moriyar wahalarsu. Amin.

Daga wani ɗan aji biyar, mutumin Magamar Jibiya.